Ruwan da Injiniya Rilwanu Ya Ɓoye

Akwai wani bawan Allah ɗan asalin Funtuwa mai suna Rilwanu, injiniyan lantarki ne da ke aiki a birnin Washington na Amurka. Gidansa yana Woodbridge a jihar Virginia, don haka kullum safe da yamma yana kan babbar hanyar 95. Yana zaune da matarsa Hannatu da 'yarsu tilo, Umaima, wadda ba ta jima da shiga firamare ba.

Duk Bahaushen da ke wannan yanki ya san Injiniya. In baƙo ya sauka a filin jirgi, shi ke zuwa ɗauko shi. In ɗalibi ya rasa makwanci, ɗakin ƙarƙashin ƙasa na gidansa a buɗe yake. In an yi rasuwa, shi za ka fara gani a ƙofar asibiti.

Sai dai yana da wani hali. Yana bayarwa, amma ba ya karɓa. Ko motarsa ce ta mutu a hanya, gara ya tsaya cikin sanyi ya jira masu jan mota da ya kira ɗan'uwa. Tun yana yaro, da shagon mahaifinsa ya ƙone a kasuwa, ya ga irin kallon tausayin da aka riƙa yi wa tsohon, ya ƙudurta a ransa cewa shi ba za a taɓa yi masa wannan kallon ba.

A ƙarshen bazarar 2011 wata mahaukaciyar guguwa ta bi ta gaɓar teku, ta karya bishiyoyi, ta ɗauke wuta a wurare da dama. Gidan Rilwanu ko taga ba ta fashe ba. Mutane suka yi hamdala, aka ɗauka an tsira.

Ashe akwai saura a baya. Ba a jima ba ragowar wata guguwar ta iso, ita ba iska ta kawo ba, ruwa ta kawo. Aka wuni ana yi, aka kwana ana yi, aka sake wuni. Ƙasa ta sha har ta ƙoshi.

A bayan layin gidajensu akwai wani ɗan rafi da ko yaro zai iya tsallakewa. Ba wanda ya taɓa ɗaukarsa a bakin komai.

Ranar da abin ya faru, Rilwanu ya taso daga aiki bayan la'asar. Motoci sun cushe a hanya, ba gaba ba baya, ruwa na dukan gilashi kamar ana watsa tsakuwa. Sai wayarsa ta yi ƙara. Hannatu ce.

"Abban Umaima, ruwa ya shigo ɗakin ƙasa."

"To ki kashe wutar gidan daga babban makunni, ki kwashe abin da za ki iya."

"Ba ka gane ba. Ba zan iya sauka ba. Ya cinye matakalar."

Da safe ya leƙa ɗakin nan, a bushe yake ƙaƙas.

"Ku fita. Ki ɗauki Umaima ku shiga mota."

"Wace mota? Ga ta can tana juyawa a kan ruwa, ina kallonta ta taga."

Ta cikin wayar yana jin kukan Umaima, tana kiran Abba da Turanci, tana cewa ruwan baƙi ne, ruwan yana wari. Yana kuma jin wani sauti a bayansu, ƙugi mai nauyi kamar na babbar mota, wanda bai taɓa ji a gidansa ba.

"Ku hau sama. Hannatu, kina ji na? Ku hau ɗakinmu ku rufe ƙofa. Ki kira masu agajin gaggawa, 911."

"Na kira. Sun ce mu jira, mutane da yawa ne. Innalillahi, ya shigo falo! Abban Umaima, ya shigo..."

Wayar ta katse.

Ya kira, ba ta shiga. Ya sake kira, shiru. Ya daki sitiyari har hannunsa ya yi tsami. Gabansa jan fitilun motoci ne iya ganinsa, bayansa ma haka. Ya buɗe ƙofa zai fita ya ruga da ƙafa, sai ya tuna nisan da ke tsakaninsa da gida, ya koma ya zauna jiƙe sharkaf. Duk addu'ar da ya sani ya karanta, wasu ya fara sai ya manta ƙarshensu.

Magariba ta kusa kafin ya isa mashigar unguwarsu. 'Yan sanda sun tare hanya. Daga inda ya tsaya yana hango layin gidajensu tsaye cikin ruwa ja, kwandunan shara da kujeru na yawo a kai. Ya nufi ruwan gadan-gadan, wani ɗan sanda ya riƙe shi.

"Iyalina suna ciki! Mata da yarinya!"

Ɗan sandan ya ce masa 'yan kwana-kwana sun kwashe mutanen layin da kwale-kwale, an kai su wata makarantar sakandare da ke kan tudu. Ya tambaye shi ko har da nasa. Mutumin ya ce bai sani ba.

Wannan "ban sani ba" ita ta raka Rilwanu har makarantar.

A zauren wasanni ya same su. Hannatu na zaune a kan wani ɗan gadon tafi-da-gidanka, ba takalmi a ƙafarta, mayafinta ya manne mata a jiki. Umaima na kan cinyarta, an lulluɓe ta da bargon agaji, haƙoranta na kaɗawa. Ya durƙusa ya rungume su.

"Ta taga suka fito da mu," in ji Hannatu. "Na miƙa musu ita, ban san ko zan sake riƙe ta ba."

Wata ma'aikaciyar agaji ta zo da kofin shayi da murmushi. Ta ce akwai wurin kwana, akwai abinci, gobe kuma za a fara rubuta sunayen waɗanda ambaliya ta shafa don a taimaka musu da gyara. Rilwanu ya ɗaga kai ya dubi zauren. Mutane sun yi layi ana zuba musu miya. Can gefe wani mai kyamara yana ɗaukar hoto.

Tsoron da ya taho da shi ya sauka, wani tsoron ya hau. Idan wani ya gan shi fa? Idan hoton ya kai Funtuwa?

Ya cire bargon daga jikin Umaima ya ninke ya ajiye a kan gadon, ya tuɓe kwat ɗinsa ya rufa mata.

"Mun gode," ya ce wa matar. "Muna da wurin zuwa. Ku ba masu buƙata."

Hannatu ta dube shi. Otal suka kwana.

Da ruwa ya janye suka koma duba gida. Ɗakin ƙasa cike yake da taɓo. A falo da kicin ruwan ya bar shaidarsa a bango, layi mai ruwan ƙasa har kusan ƙugu. Firji ya kife. Kafet ya zama kamar soso. Wari kuwa tun daga ƙofa yake tarar mutum.

Jami'an ƙaramar hukuma sun liƙa gargaɗi a ƙofa cewa kada a zauna a gidan sai an busar da shi an gyara. Rilwanu ya waiga dama da hagu, ya ɓare takardar ya cusa a aljihu.

Da ya kira kamfanin inshora suka ce yarjejeniyarsa ba ta haɗa da ambaliya ba. Ya ajiye wayar.

"Saman ai ruwa bai taɓa shi ba," ya ce wa Hannatu. "Mu koma sama mu zauna. Ƙasan ni zan gyara da kaina a hankali."

"Da wannan warin? Ka manta Umaima na da asma?"

"Za a buɗe tagogi. Zan sayo fanka."

"Anti Sadiyya ta kira ni har sau nawa. Ɗakinsu na baƙi ba kowa. Ko mako biyu ne..."

"Me kika gaya mata?"

"Na ce muna lafiya."

"To a bar shi a haka. Hannatu, ban yarda kowa ya ji ba. Ni Rilwanu in kwashi iyalina in je in raɓe a gidan wani? Asirinmu a rufe yake, a rufe zai zauna."

Anti Sadiyya likitar yara ce, mijinta kuma Farfesa Nasir, dattijon da ke koyarwa a jami'a, wanda duk Hausawan yankin ke ɗauka kamar babban wa. A garin Annandale suke zaune, nan cikin Virginia. Washegari Farfesa da kansa ya kira.

"Injiniya, an ce wajenku abin ya fi muni. Yaya kuka kwana da ruwan?"

"Alhamdulillahi Farfesa, ɗan kaɗan ne ya taɓa ɗakin ƙasa. Har mun share."

"Madalla. To ka ga akwai 'yan'uwa direbobi 'yan Nijar da wasu iyalai da suka rasa komai. Mun ce a haɗa musu agaji, kuma kowa ya ce kai za ka riƙe."

"Ba komai Farfesa. An gama."

Haka kuwa aka yi. Ranakun hutu Rilwanu na harabar masallaci yana raba shinkafa da barguna da kayan yara, ana ta sa masa albarka. Ya dawo gida da yamma, ya ja ƙofa ya rufe, ya sauka ɗakin ƙasa da bokiti da shebur shi kaɗai.

Maƙwabcinsa Davou, mutumin Jos ne, shi ma ruwan bai bar shi ba. Wata safiya ya ƙwanƙwasa ƙofa, bayansa wasu 'yan sa-kai sanye da safar hannu da takunkumi.

"Maigida, waɗannan mutanen sun gama nawa, kyauta suke yi. Sun yanke bangon ƙasa duk sun fitar. Sun ce in ba a buɗe bango ba, ruɓewa yake yi ta ciki. Na ce bari in kawo maka su."

Rilwanu ya tsaya a bakin ƙofa, ya janyo ta bayansa yadda ba za a ga ciki ba.

"Na gode ƙwarai, Davou. Na riga na yi magana da wani kamfani, suna nan zuwa."

"Kai, maigida, warin nan fa har waje."

"Suna nan zuwa," ya maimaita.

Ba wani kamfani. Abin da ya iya shi ne ya fitar da kafet, ya goge bango da ruwan bilic, ya shafa fenti a kan layin da ruwa ya bari. Gidajen can ba da bulo ake yin bangonsu na ciki ba, allo ne ake mannawa a kan katako, a cusa wani abu kamar auduga a tsakiya. Fentin ya yi kyau a ido. Abin da ke bayansa kuwa yana nan jiƙe.

Ba a daɗe ba wasu ɗige-ɗige baƙaƙe suka fara fitowa a kusurwar falo. Ya goge, suka dawo. Ya sake gogewa, suka dawo da 'yan'uwansu. Fumfuna ce. Ta kama bayan kabad, ta kama ƙasan matakala, ta fara hawa.

Umaima ta fara tari. Da farko da asuba kawai. Sannan ya zama in ta hau matakala sai ta tsaya a tsakiya ta huta. Hannatu ta lura in yarinyar ta tafi makaranta takan dawo da sauƙi, in ta kwana a gida sai ƙirjinta ya riƙa fito kamar usur.

"Abban Umaima, inhelar nan da take shaƙa, wadda takan yi mana watanni, ga ta ta kusa ƙarewa."

"Canjin yanayi ne. Kowace shekara haka take yi."

"Ba haka take yi ba, kai ma ka sani. Don girman Allah ka bar ni in kai ta wajen Anti Sadiyya ko da ita kaɗai ce."

"In ta tambaye ki dalili ki ce me?"

"In ce gaskiya."

"Ki ba ni ɗan lokaci. Na kusa gamawa."

Shi ma tsoron yake ji, ba wai ba ya ji ba. Yakan tsaya a ƙofar ɗakin Umaima yana sauraren numfashinta. Sau da yawa ya ɗauki waya ya nemo lambar Farfesa, ya zuba mata ido, ya mayar aljihu. Kullum ƙaryar tana ƙara tsawo, kullum faɗin gaskiyar yana ƙara nauyi. Yanzu ba ambaliyar kaɗai zai bayyana ba, har da makonnin da ya yi yana cewa lafiya lau.

Wata Asabar da hantsi yana shirin fita rabon kaya, ya ji Hannatu ta ƙwala masa kira da wata irin murya.

Ya haura da gudu. Umaima na zaune a bakin gado, ta dafa gwiwoyinta da hannu biyu, kafaɗunta na ɗagawa suna sauka. Idanunta sun firfito. Fatar wuyanta na shigewa ciki duk lokacin da ta ja iska. Hannatu ta danna mata inhela, ta sake dannawa, ba canji.

"Umaima, yi magana. Ce Abba."

Ta buɗe baki. Babu abin da ya fito. Ko fiton nan na usur ya ɗauke. Leɓɓanta sun fara duhu.

Hannatu ta zari waya. Sai Rilwanu ya ji bakinsa yana cewa, "Tsaya. Kar ki kira masu motar asibiti. Bari in ɗauke ta a mota, in sun shigo za su ga..."

Bai ƙarasa ba. Hannatu ta juyo ta dube shi, kallon da tun da suka yi aure bai taɓa gani a idonta ba.

"Su ga me? Su ga me, Rilwanu? 'Yarka ce take mutuwa!"

Ranar ce ta fara kiran sunansa gatsal. Ta danna lambar.

Ya ɗauki yarinyar ya sauko da ita. Jikinta ya saki a hannunsa, kanta ya langaɓe a kafaɗarsa. Ya fita da ita tsakar titi ba takalmi, yana kiran sunanta, yana kiran sunan Allah, yana jin jiniya daga nesa kamar ba za ta taɓa isowa ba.

Ma'aikatan motar asibiti suka karɓe ta, suka ɗora mata abin numfashi a fuska. Ɗayansu ya shiga gidan ɗauko magungunanta, ya fito yana toshe hanci da hannun rigarsa. Ya dubi Rilwanu.

"A nan yarinyar take kwana?"

Rilwanu ya sunkuyar da kai.

A asibiti aka wuce da ita ɗakin kulawa ta musamman, aka rufe ƙofa. Suka zauna a baranda, kujera ɗaya tsakaninsu ba kowa a kai. Duk wanda ya fito da farar riga sai zuciyar Rilwanu ta tsinke. Hannatu ta tashi ta koma gefe da wayarta. Ya san wa take kira. Bai hana ta ba.

Bayan azahar likita ya fito. Ya ce sun samu numfashin ya daidaita da taimakon na'ura, amma da an ƙara jinkiri kaɗan da labari ya sha bamban. Bayansa wata mata ta biyo, ta ce ita jami'ar kula da walwalar yara ce, tana da 'yan tambayoyi.

Yaushe ruwa ya shiga gidan? An gargaɗe su kada su zauna? Sun san yarinyar na da asma? Me ya sa ba su nemi taimako ba?

A hankali take magana, ba faɗa, amma kowace tambaya sai Rilwanu ya ji kamar ana zare masa ƙashi. A ƙarshe ta ce ba za a sallami Umaima zuwa wannan gidan ba. Sai sun nuna wuri mai lafiya da za ta zauna, in kuwa babu, hukuma za ta nema mata.

Hannatu ta dafe ƙirji. "Za su ƙwace min ita?"

Matar ta ce ba haka take fata ba. Ta ce, "Kuna da 'yan'uwa a nan? Akwai wanda zai karɓe ku?"

Kafin Rilwanu ya buɗe baki, ya hango Farfesa Nasir da Dakta Sadiyya sun ɓullo ta ƙarshen barandar, suna sauri. Dakta ta wuce kai tsaye ta rungume Hannatu, wadda sai a lokacin ta fashe da kuka. Farfesa ya tsaya gaban Rilwanu.

"Injiniya."

Rilwanu ya miƙe. Ya so ya gaishe shi yadda ya saba, ya ce an gode da zuwa, ya ce da sauƙi. Ya daɗe yana kokawa da kalmomin kafin su fito, kuma da suka fito, da ƙyar shi kansa ya ji su.

"Farfesa, ƙarya na yi muku. Gidan ya lalace tun ranar farko. Ba mu da wurin zuwa. Ku taimake ni."

Dattijon ya cire tabarau ya goge ido.

"Rilwanu, mako nawa muna tsaye tare a harabar masallaci? Kafaɗa da kafaɗa muke sallah. Ashe ba ka ɗauke mu 'yan'uwa ba, ka ɗauke mu mabarata ne kawai da kake ba wa?"

"Ba haka ba ne, Farfesa."

"To yaya ne? Mu mun yarda ka ga namu. Kai ka hana mu ganin naka."

Farfesa ya yi ajiyar zuciya, ya juya wajen jami'ar, ya ce mata da Turanci, "Gidana za su zauna, su ukun, har sai nasu ya gyaru. Ki zo ki duba duk lokacin da kike so."

Umaima ta yi kwanaki a asibiti kafin a cire mata na'ura. Da aka sallame ta, Annandale aka wuce da ita. Jami'ar ta zo ta duba ɗakin, ta sake dawowa daga baya, sannan ta rufe maganar.

Asabar ta gaba motoci suka cika layin su Rilwanu. Likitoci, direbobi, ɗalibai, 'yan kasuwa, kowa da takunkumi da safar hannu. Wani ya kawo babbar mota ta kwasar shara. Mata suka aiko da kuloli na shinkafa da miya. Ba wanda ya yi masa gori, ba wanda ya yi masa kallon da ya yi shekaru yana gudu. Wasu ma tsokanarsa suke yi, suna cewa yau dai sun kama Injiniya a hannu.

Aka fara yanke bango daga falo. Da aka ɓamɓare allon farko, sai kowa ya ja da baya. Cikin bangon baƙi ƙirin ne, ya yi gashi-gashi, katakon ya jiƙe yana ɗiga. Aka bi shi ana ɓarewa, yana hawa, ana bi, yana hawa, har aka kai saman matakala. Ya tsaya ne daidai bangon da kan gadon Umaima yake jingine.

Rilwanu ya tsaya yana kallon wurin. Nan yarinyar ke sa kanta kowace rana. Nan yake tsayawa yana sauraren numfashinta yana cewa canjin yanayi ne. Ya zauna a kan matakala ya rufe fuska da hannu biyu, kafaɗunsa na rawa, a gaban kowa.

Can wani direba ɗan Nijar mai suna Idrissa ya zo ya zauna kusa da shi, ya dafa shi.

"Ya isa hakanan, Injiniya. Ɗiyarka na da rai. Tashi ka kama mini wannan allon, ni ɗaya ba ni iya ɗaukar shi."

Ya tashi ya kama.

Sai da sanyi ya shigo sosai kafin gidan ya gyaru su koma. A watannin nan Rilwanu ya ci abincin gidan wani, ya kwana a ɗakin wani, ya shiga layi ya rubuta sunansa cikin masu neman tallafin gyara. Bai mutu ba. Hannatu ta daɗe ba ta sake masa fuska ba, shi ma bai matsa mata ba, don ya san abin da ya fito daga bakinsa ranar nan ba abin da ake mantawa da wuri ba ne. A hankali ta sauko.

Abin da bai koma yadda yake ba shi ne ƙirjin Umaima. Likitoci suka ƙara mata magunguna na kullum, suka ce sai an riƙa lura da ita sosai.

Wata yamma a gidan Farfesa, yara na guje-guje a bayan gida, Rilwanu na tsaye a taga yana kallo. Umaima ta bi su da gudu tana dariya. Ba ta kai katanga ba ta tsaya, ta dafa gwiwa, ta laluba aljihu ta ciro inhela. Sauran yaran suka wuce suka bar ta. Ta ja, ta jira, sannan ta ɗago kai ta hango shi. Ta ɗaga masa hannu tana murmushi, alamar kada ya damu.

Ya ɗaga mata nasa. Ya daɗe a tsaye a wurin bayan ta tafi.

Darasi: Neman taimako a lokacin masifa ba zubar da mutunci ba ne. Girman kai yakan zo da rigar kunya ko ta rufin asiri, kuma sau da yawa ba mai shi ne ke fara ɗanɗana kuɗarsa ba, waɗanda ke ƙarƙashinsa ne. In kana jin daɗin taimakon mutane, ka bar su su ma su samu ladan taimakonka. In kuma ɗan'uwa ya ce maka "lafiya lau" bayan wata musiba, kada ka tsaya a waya, taka ka je ka gani da idonka. Ku tura wannan labari ga 'yan'uwa da abokai, wataƙila akwai wanda ke bayan rufaffiyar ƙofa yanzu haka yana jiran abin da zai ba shi ƙarfin buɗewa.